Tsohuwar da Ta Yaɓe Ɗakinta

Unguwarmu a Daura tana da sunanta na gaskiya, amma kowa Tsibiri yake ce mata. Kududdufai uku ne suka sa ta a tsakiya, ramukan da kakanninmu suka haƙi ƙasar gini. Da rani ko akuya ratsa su take yi. Da damina kuwa, in ruwa ya zauna, sai su haɗe baki, hanya ɗaya ta rage ta bayan masallaci, ita ma sai ka tattare zani. A irin wannan lokacin ba ma zuwa dandali. Ana idar da magariba, a ci tuwo, sai mu yara mu tattaru a ɗakin Iya.

Iya kakata ce, mahaifiyar babanmu. Mijinta magini ne, ya rasu tun ban yi wayo ba, kuma shi ya gina mata ɗakin da hannunsa. Soro ne mai kaurin bango, in ka jingina da shi da bazara sai ka ji kamar ka rungumi randa. Tana da wani tsohon kasko da take zuba garwashi, ta ɗora masara ɗanya tana juyawa. In ta gasu ta kakkarya ta raba, wanda ya fi surutu a ranar shi ke samun tsinin da babu ƙwaya. Ni Talatu, kusan kullum tsini nake ci.

Ita ba ta buɗe tatsuniya yadda sauran tsofaffi ke buɗewa. Sai ta gyara zama ta ce, "Ga wata nan tafe, ƙafarta duk laka." Mu kuma mu ce, "Ta goge ta shigo." Tana da su da yawa, amma akwai guda ɗaya da ba ta yin ta sai in ruwa na dukan rufi.

Wai akwai wani tsibiri a tsakiyar babban kogi, babu dutse, babu itace sai giginya. Mutanen wurin a bukkokin kara suke kwana, duk shekara gobara ta lashe. Sarkinsu mai tausayi ne, abin ya dame shi. Rannan yana zaune sai ya ga zanzaro, ƙwaron nan mai siririn ƙugu, yana kai da komo da laka a baki, yana gina ɗakinsa a jikin giginya. Sarki ya roƙe shi ya koya wa mutanensa. A nan Iya kan toshe hanci ta yi muryar zanzaro, mu yi ta dariya.

"Zan koya muku," in ji shi, "amma ku sani ɗakin ƙasa abu ne mai rai. Sau ɗaya yake cin abinci a shekara, kafin ruwan fari. Abincinsa laka, kuma daga hannun mai kwana a cikinsa yake so."

Sarki ya yarda. Da yake tsibirin ƙarami ne, sai aka jera ɗakunan a layi, bango ɗaya ɗaki biyu, aka raba wa talakawa kyauta. Shekarar farko barorin sarki suka yi yaɓe. Kafin ta biyu sarki ya mutu, ɗansa ya hau, shi kuma hankalinsa na kan kamun kifi. Bazara ta zo, mutane suka zauna a inuwa suna cewa ai ɗakunan sarki ne, barori na tafe. Tsohuwa ɗaya ce ba ta jira ba. Ta ɗebo laka a tasa, ta yaɓe nata ciki da waje, ta hau sama ta toshe tsaga, ta gyara indararo. Ruwa ya zo ya kwana uku yana zuba. Ɗakin maƙwabcinta ya sha ya ƙoshi, ya zauna, ya jawo bangon da suka haɗa, nata ya bi. Shi ke nan. A nan Iya ke kakkaɓe hannu.

Ran da na fara jin ta ban yarda ba.

"Iya, ai ita ta yi yaɓe."

"Ta yi."

"To don me nata zai faɗi?"

"Don bangon ba nata ba ne ita kaɗai. Ke da kika fi kowa baki, tashi ki kai ƙarar ruwa."

Na yi ta gunaguni ina cewa a sake, a bar wa tsohuwa ɗakinta. Iya ta ce ita ba ta sayar da ƙarshen tatsuniya, yadda ta karɓa haka take bayarwa. Sai ta miƙo mini tsakiyar masara don in yi shiru.

Tsoron wannan labari ya yi aiki a kanmu. In bazara ta yi aka kira gayyar yaɓe, ba a roƙon yaran gidanmu. Maza su kwaɓa ƙasa, mu mu tattaka da ƙafa, mata su dama kunu, yau gidan wannan gobe gidan wancan, har a zagaye unguwa. Ni boko aji uku na yi aka cire ni, amma abin da ya shiga kunnena ba ya fita. A wurin gayyar nan na haddace maganar tsofaffin magina: kwana nawa ake barin ƙasa ta ruɓa da ciyawa, yadda ake jiƙa ɓawon ɗorawa a yi makuba wadda ruwa ba ya kamawa, da dalilin da ya sa namijin giginya ya fi macen yin azara.

Iya ta rasu ina goyon fari. Aure ma a cikin unguwar na yi shi, ni ba mai yawo ba ce, iyakata Mai'adua biki. Da maigidana ya rasu na dawo ɗakin Iya na zauna. Kafin nan an cike kududdufai biyu da shara, an yanka filaye, an yi gidajen bulo a kai. Ruwa ya rasa wurin kwanciya. Wata damina ya shigo mana gida har gwiwa, ya kwana biyu a gindin bango. Rabin Tsibiri ya zube, har da ɗakin Iya. Alhamdulillahi ba a rasa rai ba. Muka yi watanni a ajin firamare, an raba mu da labulen buhu.

Sai aka ce gwamnati za ta gina mana gidaje a bayan gari. Aka turo wata yarinya mai zanen gini, Hafsatu, amma Injiniya muke ce mata. Ta tara mu ta ce da ƙasa take son yi, ba da bulo da kwano ba, don ya fi sanyi, kayansa kuma suna nan kusa. Tushe kawai za a yi da dutse a ɗaga shi sama. Maza suka yi ta ƙunƙuni, wai ƙasa ta faɗo musu a ka, ƙasa kuma za a sake ba su. Ita dai ba ta yi fushi ba. Ta nemi wanda ya san haɗin makuba, aka duba aka ga maginan da suka sani duk sun mutu, sai wani ya ce a kai ta wurin Talatu, in dai magana ce an taɓa yi a gabanta, tana nan.

Kwana uku tana zuwa ta zauna a tabarmata da littafi. Mama take ce mini. Ni kuma da na sami mai saurare, ai sai na buɗe baki. Rana ta ukun ta shimfiɗa mini takarda biyu. A ɗaya kowane ɗaki zaman kansa yake, da ɗan lungu tsakani. A ɗayan an jera su, bango ɗaya ɗaki biyu, kuma ta ce in aka yi haka iyalai da yawa za su ƙaru a cikin masu samu. Ta ce, "Mama, ke da za ki zauna a ciki, wanne ya fi kwanta miki?"

Ba zan yi wa kaina ƙarya ba, tatsuniyar ta faɗo mini a rai. Har na ba ta labarin, da muryar zanzaro da komai. Ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce kada in damu, za a rubuta cewa duk shekara a yi gyara. Ni kuma na nuna mai haɗin bango. Na ce don mutane su samu ne, kuma haka ne. Amma akwai ɗayan dalilin. Ni tun da aka haife ni ban taɓa kwana inda ba na jin tarin maƙwabci ba. Lungun nan na tsakani sai na ga kamar daji. Ban ce maganata ce kaɗai ta yanke ba, akwai manya a sama da ita. Amma an tambaye ni, kuma abin da na zaɓa ke nan.

Gidajen sun yi kyau, wannan ko maƙiyi ya shaida. Masu ƙunƙunin nan su ne suka fara yabo da zafi ya zo. Ran da aka raba makullai wani babba ya tsaya ya ce gidajen na gwamnati ne, kada a ƙara, kada a fasa, takardun mallaka kuma suna tafe. Maƙwabcina na dama Malam Idi ne, tsohon tela, ido ya fara yi masa rauni. Ta cikin bango muke gaisawa da safe. Yakan ce tun da aka haɗa shi da ni ya daina sayen batirin rediyo. Ni kuma in ce to ya riƙa biyan kuɗin saurare da goro.

Shekarar farko ɗan kwangila ya turo ma'aikata suka yi yaɓe. Kafin ta biyu an mayar da Injiniya wani gari. Bazara ta zo, ba wanda ya zo. Na ɗaura gyale na bi gida gida ina kiran gayya, yadda na ga ana yi. Kowa ya karɓe ni da mutunci, kowa kuma da uzurinsa. Wannan ya ce takarda ba ta zo ba, gobe ana iya cewa ya tashi, don me zai yi wa wani gyara. Wancan ya ce 'ya'yansa babur suke ja zuwa bakin iyaka, ran da ba su fita ba, ba a ɗora tukunya. Wani ya tambaye ni ina za mu haƙi ƙasar, ramin da aka haƙa lokacin ginin gidajen yanzu an shuka gero a bakinsa, mai gona ya hana. Na wuce gaba. Malam Idi kuwa sai ya rage murya.

"Talatu, ke kin ji abin da mutumin nan ya ce ran rabon makullai. In na taɓa, suka zo suka ce na ɓata fa?"

"Malam, yaɓe ai ba ɓatawa ba ne."

"Ni na sani, ke kin sani. Wanda zai zo da takarda fa, ya sani?"

Na yaɓe nawa. Mijin 'yata ya kawo mini ƙasa a amalanke, na jiƙa ɓawon ɗorawa a tsohuwar randa, na yi kwana huɗu ina shafe bango da hannuna, bayana kamar zai karye. Waccan daminar muka sha da ƙyar.

Bana Malam Idi ba ya nan. Idon ya ƙara lalacewa, ɗansa ya zo ya ɗauke shi zuwa Dutsi. Ya kulle ɗaki ya tafi da makulli, don yana tsoron in ya bari a buɗe a ba wa wani. Ban ga laifinsa ba. Ruwan fari ya jefar da indararonsa, ruwa ya riƙa bin bangon da muka haɗa yana gangarowa. Mijin 'yata ya hau don ya mayar, ƙafarsa ta nutse har idon sawu, ya sauko ya ce azarar ta jiƙe, sai an shiga ta ciki an tokare. Na je wurin mai unguwa, ya ce shi ba ya fasa kwaɗon gidan gwamnati, in je ofis. Na je ofis sau uku, kullum mai maganar ya fita. Na sa aka kira mini Malam Idi a waya, ya yi ta ba ni haƙuri, ya ce in Allah ya yarda da kaka zai zo. Damina kuwa yanzu ta kai tsakiya.

Tsaga ta fito a gefena, daga sama har kusan ƙugu. Makon jiya yatsa ɗaya ke shiga, yanzu biyu. Na jawo gadona zuwa ɗaya bangon, na ɗaure kwanuka da tufafi a buhu na ajiye bakin ƙofa. 'Yata ɗaki ɗaya gare su da yara biyar. Ta ce in zo, amma ni na san ɗakin, ko tabarma ba ta da wurin shimfiɗawa.

Ina yarinya na ɗauka tatsuniyar Iya zagin malalata ce. Yanzu da na zauna a cikin mutanen, na ga ba lalaci ba ne. Masu jiran barorin sarki suna da 'ya'ya, suna da yunwa, kuma an ce musu ɗakin ba nasu ba ne. Da ni ce a matsayin Malam Idi, wataƙila ni ma da na tafi da makulli. Na kuma gane dalilin da ya sa Iya ta ƙi canza ƙarshen ko da na yi kuka. Matar magini ce, ta ga bango da yawa ya faɗi a kan wanda bai yi laifi ba, ba za ta ce mini yaɓe na ceton mutum shi kaɗai ba.

Shekaru na yi ina jayayya da ita a kan dalilin faɗuwar ɗakin. Duk surutun nan nawa, tambaya ɗaya ce ban taɓa yi mata ba, kuma ita ce yanzu nake bukata. Da ruwa ya ɗauke, tsohuwar nan ta tsaya da tasarta a gaban tarin ƙasa, ina ta nufa?