Ranar da Inna Ta Ƙwace Min Biro

Jiya jikata ta tambaye ni me ya sa ba na rubutu sai rana ta faɗi. Sai na tuna Inna, mahaifiyata.

Zamanin da kuɗin fetur ya shigo, ina tsakar gidanmu a Roni da hantsi, ina rubuta wa matasa labarin yarinyar da ta kai gero duniyar wata.

"Wannan ya faru?" in ji Inna.

"A'a Inna, ƙirƙira ce."

"Tatsuniya da rana? So kake ka ɓace min?" Ta ƙwace biron.

Bayan magariba ta dawo da shi, har da fitila. "To, yarinyar ta isa?"

Allah ya jiƙan Inna. Har yau ban ɓace mata ba.

Ku fa, wace dokar tsohuwarku kuka kasa karyawa?