Ranar da na yi wa mai ciwon suga ƙarin ruwan suga

Har na bar aikin nan ba zan manta da ranar da aka kawo mana Malam Buba, dillalin albasa, a bayan a-kori-kura ba. Lokacin ina jami'ar lafiya a wani ƙaramin asibiti kusa da Shagari. Na san shi sarai: ga tumbi, ga hawan jini, ga suga, duk wata yana zuwa karɓar ƙwayarsa.

Aka shigo da shi jiƙe da gumi, jiki na rawa, bai gane kowa. Na soki yatsarsa na auna, suga ya faɗi ƙasa warwas. A ƙa'idar aiki ba a jira, ruwan suga ake sa wa mutum ta jijiya nan take. Ina ɗaga robar ruwan sai ɗansa Nura ya tare ni.

"Malama, mi za ki sa mai? Suga? Wata biyu muna wahala, mun hana mai tuwo da hura, sai ƙwai da nama da man shanu. Keto a ka ce mai. Ki duba tumbin ya tahi."

"Maganin fa, ya daina sha?"

"Kullum ni ka ba shi da hannuna."

Raina ya ɓaci. Tumbin ya ragu, ban musa ba, irin wannan cin yakan sauke ƙiba da suga a jikin wasu. Amma ƙwayar an auna ta ne da mutumin da ke karyawa da kunu, ya sha fura da rana, ya kwana da tuwo. An janye hatsin, an bar ƙwaya tana ta jan suga ƙasa, kuma duk gidan ba wanda ya ga ya dace a taka a gaya mana. A waya suka ga tsarin; waya ta faɗa, magana ta ƙare.

Na ce, "Kauce, ko ka nemi likkafani."

Ya kauce. Ruwan bai kai rabi ba Malam Buba ya buɗe ido. Ya dubi ɗansa ya ce, "Nura, don Allah ku dama min hura."

Washegari likita ya rage masa ƙwayar, ya tsara masa abinci. Nura kuwa har yau bai gaishe ni, wai na ɓata musu tsari.

Ku da kuka shigo aikin nan yanzu, kada ku miƙa wa kowa ƙwayar suga sai kun tambayi abin da ake ɗorawa a murhun gidansa. Mutanenmu ba sa ɗaukar canjin abinci a matsayin abin gaya wa asibiti, kuma da an ƙara jinkiri a ranar, da makara za a ɗauko.