Uwar da Ban Kira Ba

Malamin da ya koya mana rubuta manhaja a Samaru yana da wata ɗabi'a. In ya ga Turanci ya fara sa mu hamma, sai ya ajiye alli ya koma Hausa. A bakinsa na fara jin an kira wata dabarar rubuta manhaja gado. Ya ce a wannan salon rubutu ana gina aji guda, a zuba masa bayanai da ayyukan da zai riƙa yi, sannan a fitar da wani aji daga cikinsa. Na farkon uwa, na biyun 'ya, kuma duk aikin da uwa ta iya, 'ya ta gada. Na rubuta wannan, na ja masa layi biyu, na daina saurare, don a ganina na gama ganewa. A gabana aka raba gonar kakanmu. Na san gado ba a roƙonsa, wanda ya buɗe baki ya tambaya ma kallon marar kunya ake yi masa. Rabonka zai zo ya same ka inda kake zaune. Abin da malam ya faɗa bayan haka ban ji ba, ina jin lokacin kaina na ƙarƙashin benci ina duba waya.

Bayan na gama karatu na yi wata bakwai ina zaman gida, har Gwaggo ta tausaya mini. Ƙanwar babana ce, ita ce babbar ma'aikaciyar jinya a wani ƙaramin asibiti a Sabon Gari, can bayan layin dogo, kowa Sista yake ce mata. Ta tsaya mini wajen mai asibitin, aka ba ni aikin mayar da katunan marasa lafiya cikin kwamfuta. Da hannuna na shigar da su ɗaya bayan ɗaya, masu tabon manja da waɗanda ɓera ya ci gefensu. A cikinsu akwai wani da aka rubuta wa da jan biro, manyan baƙaƙe har suna huda takarda: kada a ba ta sulfa. Na tambayi Gwaggo. Ta ce wata mata ce daga Zabi, mai sayar da kayan miya. Shekarun baya aka ba ta magani mai wannan sinadari, fatarta ta sale, bakinta ya yi gyambo, da ƙyar aka ceto ta.

Ajin da na gina na sa masa suna Majiyyaci, na ba shi wani aiki mai suna gargaɗi. Duk wanda ya zo, inji zai fitar da 'yar takarda, a ƙasanta a jera abin da ba a ba shi. Wata biyu yana aiki lafiya lau, kaina ya fara girma. Sai Gwaggo ta ce in ware wa masu ciki sashensu. Na ce wannan ai shan ruwa ne. Na fitar da 'ya daga Majiyyaci, na kira ta Mai Ciki, na rubuta mata nata gargaɗin da wannan sunan dai: watannin ciki, hawan jini, ranar dawowa awo. Maganin da ba a ba mutum kuwa ban ko taɓa shi ba, tunda yana wajen uwa, kuma gado ne. Ranar Asabar na ɗora sabon aikin, na gwada da kati uku, na mayar da duk masu ciki sabon aji, har da matar Zabi, don ita ma ciki gare ta. Na tafi gida ina yaba kaina.

Ranar Talata da hantsi ina Samaru, a shagon da ɗalibai ke buga takardu, tare da wata ƙawata 'yar cikin birni da ta koma karatun digiri na biyu. Aikinta ne ya ƙi tafiya, ta kira ni in taya ta dubawa. Mun kai rabin awa muna zare ido a allo, sai ta buga cinya.

"Kai, ni ma dai! Ashe ban kira uwan ba."

Na ce, "Wace uwa kuma?"

"Parent class ɗin mana. Na rubuta ma 'yan wani aiki mai suna iri ɗaya da na uwan, kin ga shi ke nan uwan ta yi shiru. Sai na ce super, sannan ta yi nata, 'yan ta ɗora a kai."

Na yi dariya irin ta wanda ya fi sani. "Ke dai ba ki riƙe karatu ba. Ai gado ne, da kansa yake zuwa."

Ta juyo ta dube ni. "Da kansa yake zuwa in 'yan ba ta yi nata ba. In ta yi nata da sunan, to ta rufe bakin uwan. Wannan uwa fa da ranta, ba mutuwa ta yi ba balle a raba kaya. Sai kin je kin gaishe ta. Kuma ba a kama sunanta, super kawai za ki ce, kamar yadda ba kya kiran Mama da sunan yanka."

Ta ci gaba da dariya, ni kuwa tawa ta tsaya. Na jawo kwamfutata daga jaka, har sau biyu ina kuskuren kalmar sirri. Kwafin aikin asibiti yana ciki. Na nemo katin matar Zabi, na ce a fitar da takardarta. Ga watannin ciki, biyar. Ga hawan jini, babu. Ga ranar dawowa, yau. Ƙasan takardar fari fat, babu ko ɗigon sulfa.

Na san abin da ake yi ranar awo. Duk mai cikin da ta wuce watannin farko ana ba ta ƙwaya uku farare na rigakafin zazzaɓin cizon sauro, ta haɗiye nan take a gaban tebur. Ƙwayoyin nan sulfa ne a cikinsu. Gwaggo ta san matar, amma ranar Talata ɗakin haihuwa ke cinye ta. Wadda ke zama a tebur wata ma'aikaciya ce da ta zo watan jiya, ba ta san kowa ba. Kuma ni da bakina na ce mata ta daina wahalar buɗe tsofaffin katuna, komai yana cikin takardar inji.

Na kira Gwaggo, wayar ta yi ta ringi. Na san inda take, cikin durowa, ƙarƙashin littafin waƙoƙin zumuntar mata, don ba ta shiga ɗakin haihuwa da waya. Na kira lambar asibitin, a kashe. Lambar sabuwar ma'aikaciyar kuwa ban taɓa karɓa ba, girman kai bai bar ni ba. Ƙawata tana tambaya lafiya, na rungumi kwamfuta a buɗe na fita titi.

Na tare keke Napep na ce Sabon Gari, kada ya ɗauki kowa. Hadari ya haɗo tun safe, muna barin Samaru aka fara yayyafi. Na ɗora kwamfutar a cinya, keke na tsalle, na shiga cikin gargaɗin Mai Ciki na ƙara layi ɗaya tak a samansa: super, ɗigo, gargaɗi. Na sake fitar da takardar. Ga shi nan ɓaro-ɓaro, kada a ba ta sulfa, sannan sauran suka biyo baya. Layi ɗaya. Haushin kaina ya kama ni har na ji kamar in wurga injin cikin kwata, domin gyaran a cinyata yake, kwamfutar asibiti kuwa tana can tana fitar da takardu yadda na koya mata ranar Asabar.

A Kwangila tirela ta gitta hanya, motoci suka cushe. Na ce wa mai keken ya bi gefe.

"Hajiya, ta ina? In tashi sama ne?"

"Rai ne fa, malam! Rai!"

Ya dube ni ta madubi. Ya karkata ya faɗa wani lungu ta Hanwa, ruwan kwata na fantsama, mata masu suyar awara na ɗaga mana hannu da zagi. Ni dai ina ta kiran wayar da na san babu mai ɗauka. Addu'ar ma ta ƙi haɗuwa a bakina, sai dai in ce ya Ubangiji, in sake cewa ya Ubangiji.

Na tarar da bencin masu awo ya ragu saura mata biyar. Na wuce su ban gaishe da kowa ba, na dafa teburin ma'aikaciyar na faɗi lambar katin. Ta duba littafinta a natse.

"Ta zo. Na ba ta, ta sha, ta tafi. Bai fi minti ashirin ba. Wani abu ne?"

Na juya zan ruga ciki. Daidai nan Gwaggo ta leƙo daga ɗakin haihuwa, safar hannunta da jini. Ban tsaya gyara magana ba. Na ce matar Zabi, an ba ta sulfa, takardata ce ba ta nuna ba, laifina ne. Na zaci za ta kwaɗa mini mari, da ma ta yi da na fi jin sauƙi. Kallona kawai ta yi, irin kallon da ban taɓa gani a fuskarta ba, daga ciki kuma wata na kiran Sista da muryar naƙuda.

"Ba zan iya fita ba, kan jariri ya sauko. Kasuwa za ki, layin 'yan tumatir, can take sari kafin ta koma. Dubi hannuwa, za ki gan ta. Ki kawo mini ita ko a goye."

Na ruga. Kasuwar Sabon Gari bayan yayyafi taɓo ne zalla, takalmina ɗaya ya maƙale, na bar shi. Ina bin layin ina leƙa hannun kowace mace kamar ɓarauniyar zobe. Wata mai tattasai ta tambaye ni me nake nema da Turancin kasuwa, "Madam, wetin you dey find?" Ban kula ta ba. Can ƙarshen layi na hango wata a tsugune gaban kwando tana zaɓen tumatir, cikinta ya turo hijabi. Bayan hannuwanta dabbare-dabbare ne, fari da baƙi, har zuwa wuyan hannu.

Na ce, "Baiwar Allah, daga asibiti nake. Sista ce ta aiko ni. Maganin nan da aka ba ki..."

Ta miƙe da sauri har tumatir ya zube. Tsoro ya cika mata ido, ta waiga hagu da dama, ta rage murya.

"Don Allah, malama, ki rufa mini asiri. Kada ki faɗa ma Sista."

Ban gane ba. Ta ɗaga gefen hijabi, ta kamo bakin zanenta, ta fara kwance wani ɗan ƙulli da farce. Ƙwaya uku farare suka faɗo tafin hannunta, ko ɗaya bai jiƙe ba.

"Ruwan kawai na sha. Da na gan su gabana ya faɗi, sun yi kama da na wancan karon. Na ce ma malaman, ta duba takarda ta ce babu komai, inji bai ce ba. To ni wace ce da zan yi musu da inji? Na ce in na isa gida in sha ɗai-ɗai da kunu, ko zai zo mini da sauƙi. Wallahi ba raini ba ne. Ki yi haƙuri na ɓata muku aiki."

Kunya ta rufe ni, irin wadda ban taɓa ji ba. Ina tsaye da takalmi ɗaya, kwamfuta a hammata, wannan mata tana ba ni haƙuri. Na ce mata ba inji ba ne, ni ce na rubuta abin da ya faɗa, kuma ni ce na yi kuskure. Ta gyaɗa kai don ladabi, amma na ga maganar ba ta shige ta ba. Ta matso, ta miƙo mini tafin hannun da ƙwayoyin a kai.

"To yanzu, malama, in sha ne ko in bari? Duk yadda kika ce."

Na kwashe su daga hannunta na dunƙule a nawa, na ce ta zo mu je Sista na jira.