Ranar Da Rijiyar Lambuna Ta Rufta

A shekarar da aka yi ɗarin nan mai shiga ƙashi, ni kaɗai na rage cikin sa'o'ina a ƙauyenmu, can gefen Yekuwa. Duk sun tsallaka Najeriya ci-rani. Matata tana gidan iyayenta wankan jego. Na zauna ne don in kafa lambun albasa a fadama, lambu kuwa sai da rijiya. Sai na fara haƙa ni kaɗai.

Ƙasar wurin mayaudariya ce. Samanta tauri, sai da diga. Ƙasa kaɗan jar ƙasa ce mai danƙo, a ƙarƙashinta kuma farin rairayi sako-sako, wanda ba ya riƙe komai. Duk nauyin na sama a kansa yake zaune.

Baffana ya biyo ta wurin a kan amalanke, lulluɓe da bargo. Ya leƙa ramin ya ce, "Ɗana, nemi abokin aiki. Rairayin nan ya fara zubowa."

Na ce, "Baffa, wa zan nema? Sai damina za su dawo."

Ya kaɗa shanunsa ya wuce.

Washegari da hantsi na sauka da igiyar da na ɗaure a turke. Yatsuna sun ƙage, da ƙyar nake riƙe ƙwaryar kwasar ƙasa. Sai na ji wani nishi daga cikin bangon ramin. Kafin in miƙe, gefe guda ya zube, ya binne ni har ƙirji.

Rairayin sanyi ƙalau, kuma duk numfashin da na fitar sai ya ƙara matse ni. Na yi kira har muryata ta dushe. Ba kowa a fadama, jama'a na gida suna jin wuta. Na ɗaga kai, sama kawai nake gani, sai wata shirwa da ta gilma.

Ƙwaryar tana hannuna. Na shiga kwasa a hankali ina turawa bayana, ina salati, ina tsoron taɓa bangon da ya rage. Sai wajen azahar ƙafafuna suka fito, ba takalma. Na kama igiya na hau.

Na daɗe zaune cikin rana. Lambun da ban yi ba ke nan a shekarar.

A hanyar gida wata tsohuwa maƙwabciyarmu ta gan ni ina ɗingishi, ta ce, "Kai kuma lafiya?"

Na ce, "Sanyi ne, Inna."

Na shiga na hura wutar kara, na ɗora ruwa.