Sallama a Tsakiyar Tafki

Shekarar da kamfaninmu ya sayi manhajar waya, ni ce mai kula da takardu a ofishinsa na bakin ruwa a Yauri. Sunan kamfani ne ke da girma, amma jirage bakwai ne masu injin, suna jigilar mutane da buhunan albasa da busasshen kifi tsakanin Yauri da Warra da ƙauyukan gaɓa. Ofishin kuwa ɗaki ɗaya ne, da fanka mai kuka, da kabad ɗin takardu da gara ta riga mu karantawa.

Babban matuƙinmu kakana ne, mahaifin Inna. Kamar yadda jika da kaka suka saba, yana kirana amarya, ni kuma ina ce masa ango, kuma ba ma haɗuwa mu rabu ba mu tsokani juna ba. Yana yaro aka datse kogi, ruwa ya hau ya cinye ƙauyensu, aka mayar da su tudu. Saboda haka ya san ƙasan tafkin nan tun yana busasshe: inda duwatsu suke, inda itatuwa suka tsaya ruwa ya rufe su, inda yashi ke taruwa. Matsalar ita ce yanar ido ta fara rufe masa gani. Manaja ya yanke cewa kafin bazara zai sauka daga jirgi, kuma kafin ya sauka dole a kwashe abin da ke kansa.

Masu sayar da manhajar sun zo daga birni da riguna iri ɗaya, suka haska mana hotuna a bango. Suka ce rumbu ne na abin da kamfani ya sani. Takardun izini, yadda ake gyaran injin, hanyoyin ruwa, duk a zuba a ciki, kowa ya nema a wayarsa ya samu. Babu abin da zai shiga sai manaja ya amince, kuma idan ma'aikaci ya tafi, saninsa ba zai bi shi ba. Manaja ya yi ta gyaɗa kai kamar shi ya ƙirƙiro ta.

Aka ce kowa ya rubuta abin da ya sani. Bakanikenmu ya yi kwana uku yana tunani, sannan ya rubuta layi ɗaya: “Idan injin ya ƙi tashi, a kira ni.” Mai tikiti ya rubuta cewa ranar kasuwar Warra ana cika. Na ce masa wannan ko akuyar tasha ta sani. Ya ce to ai akuyar ba ta rubuta ba.

Aikin ango shi ne babba, kuma ni aka ɗora wa. Zan shiga jirgi da waya, duk inda ya ɗaga hannu in danna, waya ta riƙe wurin a taswira, in ɗauki muryarsa, sannan in cike fom. A fom ɗin akwai gurbi guda da ba a tsallakewa, wato irin bayanin: haɗari ne, ko mashiga, ko kuwa “sauran bayanai”. Wanda aka sa a haɗari, da jirgi ya kusanci wurin waya za ta yi ƙara ta kunna bayanin. Wanda aka sa a sauran bayanai yana nan kwance a rumbu, sai wanda ya neme shi.

Ranar farko ya karɓi wayar ya jujjuya ta kusa da idonsa.

“Amarya, wagga aba taki ta taɓa shan ruwan tafki?”

“Ba ta taɓa ba, ango.”

“To ni na sha, har sau ukku. Amma ita za ta koya ma mutane hanya?”

“Kai za ka koya mata, ita ta koya musu.”

“Awo. Kenan an yi man ɗaliba da ba ta gaisuwa.”

Na ɗauka zai ɓoye sani kamar bakanike, don kada a daina bukatarsa. Ban san shi ba ashe. Matsalata da shi yawan bayarwa ce. In na tambaye shi dutse, sai ya ba ni dutsen, da matar da ke shanya a kansa, da rigimar da ta yi da maƙwabciyarta a kan tabarma. Ni kuma fom layi biyu yake so. Na koyi barinsa ya yi ta zuba wa waya, ni in rubuta “dutse, a bi hagu”, in wuce. Lokacin sanyi ne, tafki cike taf, ba a ganin komai sai ruwa, sai dai in yarda da hannunsa.

A mako na biyu, muna tsakiyar tafki, nesa da kowace gaɓa, ya rage wutar injin har ƙararsa ta koma kamar tari. Ya karkata jirgin dama, ya cire hula ya mayar, ya ce, “Assalamu alaikum.” Wata tsohuwa cikin fasinjoji ta motsa baki tana addu'a. Na sha bi ta nan tun ina ƙarama, na san yana haka, ban taɓa tambaya ba.

“Danna,” in ji shi. “Nan ne gida. Nan anka haihe ni, nan anka rufe ubana. Duk wanda ya zo nan shi rage wuta, shi kauce dama, shi yi sallama.”

Tun da ya ce danna na danna, waya na ɗaukar muryarsa. Ya ci gaba da magana, ni kuma idona na kan fom.

“Ango, in sa shi a haɗari?”

Ya juyo gaba ɗaya. Ban taɓa ganin ya ɓata rai irin na ranar ba.

“Gidan ubana za ki rubuta ma haɗari? Mi gidan ubana yai miki?”

Na ba shi haƙuri. Da muka sauka ya riƙe hannuna, abin da bai saba ba, ya ce shi saukarsa daga jirgi ba ta dame shi ba, kowa ya hau zai sauka. Abin da ke hana shi sukuni shi ne a wayi gari jirage na ratsa kan gidansu da gudu, babu mai cewa uffan, kamar ba a taɓa hura wuta a wurin ba. Na ce masa ya kwantar da hankalinsa, yana cikin rumbu. Na sa bayanin a “sauran bayanai”, manaja ya amince ba tare da ya buɗe ba, ni kuma na ji na kyauta wa tsoho.

Kafin bazara ya sauka. Aka ɗauki sabon matuƙi, magidanci mai natsuwa da ya yi shekaru yana tuƙi a wani kogi can kudu da mu. Ya iya aikinsa, bai dai san tafkinmu ba, don haka ya riƙe waya da gaskiya. In ta ce hagu, hagu. In ta yi shiru, ya taka. Manaja ya yi ta yabon manhaja a gaban kowa. Ango kuwa ya koma zaman benci a tasha, yana gane jirage da ƙarar injinsu, yana gaya wa masu jira wanda zai makara.

Sai ruwa ya ja baya sosai a farkon damina. Wata safiya sabon matuƙin ya taso daga Warra da lodin albasa da mutum goma sha wani abu, ya miƙe hanya ɗoɗar, waya ba ta ce komai ba. A tsakiyar tafki wani abu ya daki jirgin ta ƙasa, farfela ta karye, katako ɗaya ya tsage. Allah ya kiyaye, babu wanda ya faɗa ruwa. Suka yi ta kwarfar ruwa da kwanoni har masunta suka jawo su gaɓa. Albasa dai ta yi wanka.

Da na duba taswira na ga wurin, sai na gane gidan su ango ne. Na buɗe bayanin, na saurari muryar ango tun daga farko, wannan karon har ƙarshe. Minti goma sha ɗaya ce. Bayan maganar sallama ya shiga labarin tsamiyar tsakar gidansu, yadda mahaifiyarsa ke jiƙa 'ya'yanta ta dama kunu, yadda ya faɗo daga kanta ya karya haƙori. Can wajen minti na tara ya ce, a cikin hira kawai, tsamiyar tana nan tsaye, in ruwa ya janye kanta bai fi kamu biyu da ƙasan jirgi ba, shi ya sa ake kaucewa dama. Duk tsofaffin matuƙa sun san haka. Ba wanda ya taɓa kiranta kututture, gida suke cewa, su yi sallama su kauce. Ni da na yi makaranta na ajiye ta inda ba mai ji. Kunya ta kama ni, da tsoro, don na san saura ƙiris in zama sanadin rayuka.

Na same shi a bencinsa. Labari ya riga ni.

“Amarya, an ce ɗalibarki ta shiga gidan mutane ba sallama.”

“Laifina ne, ango. Ban saurare ka har ƙarshe ba.”

“Ke da kakarki duka ɗaya. Shekara arba'in ban taɓa kai mata labari ƙarshe ba.”

Na yi dariya, hawaye na zuba. Na ce to yanzu dai ya bari in mayar da shi haɗari, don waya ta riƙa ƙara.

“A'a.”

“Ango, jirgi ya fashe fa.”

“Tsamiya tana gidansu, jirgi yat tarad da ita. Wa ya shiga ma wani?”

Na koma wurin manaja, muka kira masu manhaja a waya. Na yi musu bayani sau biyu, wanda ya ɗauka ya ce bai gane ba, mene ne bambancinsa da kututture? Na ce bambancin shi ne mai bayanin ba zai yarda ba, kuma akwai irinsa wajen shida da na watsa a sauran bayanai. Sai ya ce ai muna iya ƙara namu irin bayanin, tun farko ma da mun tambaya. Ya nuna mini inda ake dannawa. Na ƙara iri na huɗu, na sa masa suna “gida”, na sa ya riƙa ƙara tun daga nesa kamar haɗari. Daga nan na zauna na saurari duk abin da ango ya faɗa, ɗaya bayan ɗaya, har da matar tabarma. A labarinta ma akwai dutse na biyu da ban rubuta ba.

Bayan wata biyu Inna ta ce in raka shi Warra gaisuwar wani abokinsa da ba shi da lafiya. Lokacin idonsa ya kusa rufewa duka, ni ke riƙe da sandarsa. Muka shiga jirgin sabon matuƙin, wanda aka gyara. Ango ya zauna cikin fasinjoji ya sa rigar kariya daga nutsewa yana mita, wai an ɗaure shi kamar buhun gero. Tun da muka tashi yake gyara wa matuƙin tuƙi a hankali, yadda ni kaɗai nake ji.

Can sai ya daina gyaran. Na ga ya karkata kai yana saurare, hannunsa ya damƙe gefen jirgi. Ya san inda muke, ya riga waya sani.

Wayar matuƙin ta yi ƙara. Sai muryar ango ta fito daga cikinta, da ƙarar iskar ranar da muka ɗauka: “Nan ne gida.” Injin ya sassauta. Jirgi ya karkata dama. Matuƙin, wanda bai taɓa ganin ƙauyen ba kuma ba shi da kowa a ƙarƙashin ruwan nan, ya ɗaga murya ya ce, “Assalamu alaikum.”

Ango ya amsa, a madadin mutanen gidan, “Wa alaikumus salam.” Ya goge ido da bakin rigarsa, ya lalubo hannuna.

“Amarya,” ya ce, “ɗalibar taki ta koyi gaisuwa.”