Lambar da Ta Yi Ta Bina a Gwanjo

Shekara ashirin da ɗaya ke nan da rasuwar yayana Ila, wanda Maraɗi ta fi sani da Ila Gwanjo.

Ya yi tashe a shekarun da jam'iyyu suka yawaita, albashi kuma ya daina zuwa. Ofisoshi na gwanjon tsofaffin motoci, ma'aikata na fitar da firiji da keken ɗinki. Ila ba ya taya abin da bai taɓa da hannunsa ba. Tun daga gida yake yanke iyakar tayinsa, ya yi shiru har masu zafin kai su gaji. Kafin ya ɗaga hannu kuma sai ya dubi fuskoki. In ya ga mai bukata, ya matsa kusa: "Malam, na gona ne ko na kasuwa?" In na gona ne, ya janye.

Bana injin ban-ruwan ɗansa Mamman ya mutu a Jiratawa, albasa na tsakiyar shan ruwa. Na ga wani injin a shafin gwanjo na intanet, na yi niyyar saya masa a ɓoye, don Mamman ba ya son a san matsinsa. A shafin babu suna, sai lamba. Wata lamba ta yi ta bina, in na ƙara ta ƙara. Sau biyu na wuce iyakata kafin in haƙura, ina jin haushin wani ɗan kasuwa da na ƙaga a raina.

Ranar Juma'a Mamman ya same ni a gida, a unguwar Zariya ta nan Maraɗi.

"Baba, na samu inji. Amma wani marar imani ya ja mini kuɗinsa sama a gwanjo, sai da na sayar wa wani mutumin Tibiri rabin gonar."

Na tambayi Mamman lambar da ya yi tayi da ita. Ita ce wadda ta yi ta bina.

Na kai wa mutumin Tibirin abin da na tanada don in fanshi gonar, ya ce ciniki ya riga ya faɗa. Gonar nan Ila ne ya bar ta.

Da Ila na raye, me zai ce yau? Iyakar tayi da haƙuri har yanzu suna aiki ga mai iya riƙe su. Ni ƙanensa na kasa. Sauran ilminsa kuwa na wurin da mutane ke tsayawa kafaɗa da kafaɗa ne, kuma ban ga alamar za mu koma can ba.

Na kasa gaya wa Mamman baki da baki cewa ni ne marar imanin. A wannan rubutun nawa zai karanta.