Ƙyauren Verla Kuhlman

Verla Kuhlman ta gaji fili da shanu daga ubanta a gabashin jihar Wyoming ta Amurka, ta kuma gaji bala'i guda: wani ɗan siririn layi a tsohuwar taswirar gwamnati. Masu awon ƙasa ne suka zana shi tun ubanta na saurayi, wai hanya ce da ta ratsa makiyayarsu zuwa tudu. Hanyar ta mutu tuntuni, ruwa ya cinye tsakiyarta ya bar kwazazzabo. Amma a takarda tana nan da ranta, har ta fi ni lafiya.

Ni ne maƙwabcinta Orval, ni ke ɗaure mata wayar shinge. Duk kaka sai maharban barewa sun zo daga birni da taswirar nan, su buɗe ƙyaure su wuce abinsu. A nan ko jariri ya san yadda ka tarar da ƙyaure haka za ka bar shi. Bara tirela ta take mata shanu biyu a titi. Ta je ofishin masu awon ƙasa ta zazzaga masifa, aka ce ai an buga sabuwa, tsohuwar tarihi ce. Tarihin uban wa?

Bana ni da ita muka tarar da ƙyauren a wangale, garke ya miƙi hanyar titi. Can cikin kwazazzabo ga akori-kurar wasu maharba, hanci a ƙasa.

"Iya, a taimaka da tarakta," in ji babbansu, wani mai tumbi. "Taswira ce ta ce akwai hanya."

"To taswirar ta jawo ka mana! Wa ya bar min ƙyaure a buɗe?"

Suka hau kallon juna, ni kuwa dariya ta kufce min. Ta ci gaba:

"Motarku ba ta motsi sai shanuna sun dawo. Da ƙafa! Kai kuma Orval, rufe min baki, ka je ka tare titi."

Na hau doki na tare. Su kuwa suka sha gudu da sababbin takalmansu, ƙaya na yi musu sannu, mai tumbi yana haki kamar tsohon injin.

Sai da maraƙin ƙarshe ya shiga ta tayar da tarakta ta jawo su.

"Iya, ta ina za mu fita?"

"Ta inda kuka shigo, 'yan banza."

Ta tsaya riƙe da ƙugu, ba ta gusa ba sai da ta ji ƙarar sarƙar ƙyauren, sun rufe shi.